Bawul ɗin Da Ya Raba Ni da Zira

Aisatu, ke kika ja na zauna rubuta wannan, saboda haka ki karanta a tsanake, in kin gama ki miƙa wa ƙannenki. Ran Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a zaure kuna zaton barci nake, na ji ki da kunnena kina gaya wa mijinki wai addini ne ya raba ni da Bappa Zira. Wai tunda mu ba ma kwana da gawa, shi ya sa na je na ƙulla aka binne uwarsa a Jimeta ba da son ransa ba. Haba Aisatu! Ke da kika yi wayo a kan cinyar mutumin nan? Na so in tashi in yi magana a take, sai na tuna surukina ne zaune, kuma na san in na buɗe baki faɗa zan yi. To ga shi a rubuce. Ba coci ce ta raba mu ba, ba kuma masallaci ba. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai dunƙulen hannuna ba, sai taurin kan Bappanku, wanda duk Jambutu an shaida shi.

Bulus Zira mutumin ƙasar Michika ne, daga wani ƙauye a gindin dutse. Tare muka koyi gyaran firij a hannun ubangida ɗaya, tare muka buɗe shagonmu na Jambutu tun ba wanda ya yi aure a cikinmu. Na girme shi kaɗan, don haka Hamma yake ce mini, ko da a tsakiyar rigima muke. Kuma kullum cikin rigimar muke. Ni mai sauri ne, shi kuwa in ya kama waya ɗaya sai ya yini yana kallonta kamar za ta yi masa magana. Amma a faɗi gaskiya, hannunsa ya fi nawa kyau a walda, kuma ban taɓa jin ya yi wa mai firij ƙarya ba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin.

Dole in yi muku ɗan bayanin sana'ar, tunda duk cikinku babu wanda ya ga dama ya koya. Gas ɗin da ke cikin firij zagaye yake yi. Kwamfuresa ta matse shi ya yi zafi, ya bi ta bututun baya ya huce ya koma ruwa, sannan a tilasta masa bi ta wata matsattsiyar ƙofa. Da ya fita ƙofar nan ya sami fili ya baje, sai sanyi. Duk sirrin firij yana wannan ƙofa, kuma iri biyu ce. Akwai kafilari, wato siririn bututun jan ƙarfe mai kaurin tsinken tsintsiya, wanda yake cikin firij ɗin gida. Shi ba ruwansa. Abin da aka yanka masa zai ratsa, shi zai ratsa, ko firij ɗin fanko ne ko an danƙare shi, ko garin da sanyi ko ana ƙuna. Sai kuma bawul, wanda ake sa wa babban ɗakin sanyi. Shi yana da wani ɗan ƙwai da ake ɗaure wa a jikin bututun da ke komowa, yana jin ɗumin ɗakin. Kaya suka yi yawa ya ƙara buɗewa, suka ragu ya tsuke. Amma shi ma ba waliyyi ba ne. Dole ya zama daidai girman injin, daidai irin gas ɗin, kuma ranar da iskar cikin ɗan ƙwan nan ta tsiyaye, bawul ya rufe ke nan, ba mai gyara shi sai dai sabo.

Shekarar da aka ci garuruwan arewacin jiha, kun tuna yadda Jimeta ta koma. Kowane gida ya cika, mutane har a barandar shaguna, wasu aka kwashe su zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. A cikin waɗanda suka iso akwai Mama Kuve, uwar Zira. Tsohuwa ce tukuf, amma da ƙafarta ta haura duwatsu, ta iso ba takalmi, ƙafafun sun kumbura. Zira ya sauke ta a gidansa, ita kuwa ta ƙi zaman gida. Kullum da safe sai ta biyo shi shago ta zauna a kan wata matacciyar firiza da ke ƙofa, tana fifita da kwali tana zagin zafin Yola. Ba abin da ya yi mata a garin nan. Ruwanmu ɗumi, tuwonmu ba gardi, mutanenmu ba sa gaisuwa. Ni ma ban tsira ba, wai na rame, matata ba ta ba ni abinci. Ina son tsohuwar nan, wallahi. Lokacin da aka haife ki, Aisatu, ita ta aiko da zuma da gyaɗa tun daga ƙauye.

Wata rana da hantsi, ina tsugune ina wanke wata kwamfuresa, ta kira ɗanta. Kun san Hausarsu, mace da namiji duk ɗaya ne.

"Zira, zo nan. Buba, kai ma bari wannan abu ka ji, kai ne shaida."

Muka zo muka tsaya.

"In na mutu, ba za a sa ni a ƙasan Jimeta ba. Babanka yana jirana. Na bar wuri kusa da shi, an sa dutse. Ka ji?"

"Mama, wa ya ce za ka mutu?"

"Ban tambaye ka ba. Ka ce ka ji."

"Na ji, Mama."

"Ka ce a gaban Buba."

Ya faɗa a gabana. Ni kuma na ce Allah ya ja kwana, na koma kan aikina, ina ganin zancen tsofaffi ne. Kafin sanyin shekarar ya kankama sai ga shi ta kwanta, ciwon ƙirji, bai ɗauke ta da nisa ba. Allah ya sani na yi kuka.

To a lokacin ko tsuntsu ba ya zuwa ƙauyensu. Zira ya ce za a ajiye ta har hanya ta buɗe. Ku saurara da kyau a nan, tunda nan ne aka ce na yi ƙyama: ni na ɗauki waya na kira Sista. Sista ita ce shugabar wani ƙaramin asibiti ta wajen Karewa, mai ɗan ɗakin ajiye gawa a baya, kuma mu biyu muke kula musu da injin ɗakin tun da daɗewa. Manyan wuraren duk sun cika, suna mayar da mutane. Albarkacina da na Zira ta ba mu gurbi. Aka yi wa Mama allurar da ake yi wa mamaci, amma mai aikin ya gaya mana ƙarara cewa maganin ya yi ƙaranci a gari, abin da ya samu ya sa ba zai riƙe watanni ba sai da sanyi. Na ce ba komai, injin nan mun san shi kamar yunwar cikinmu. Ni da bakina na faɗa.

Ba a jima ba Sista ta aiko cewa ɗaki ya ƙi sanyi. Muka je tare. Kwamfuresa tana aiki lafiya, fanka tana juyawa, amma bututun cikin ɗaki ko raɓa babu. Zira ya ɗaura geji, agogon auna ƙarfin gas, allura ta faɗi ƙasa warwas. Na kwance ɗan ƙwan bawul na dumtse shi a tafin hannuna don ya ji ɗumi ya buɗe. Shiru. Muka kalli juna, don duk mun san me ke nan. Injin tsohon yayi ne, mai tsohon gas ɗin nan da aka daina kawowa, bawul ɗinsa kuwa ko a Kano sai an tona. Muka aika wa mai kayan da muke saye a wurinsa, ya ce zai sa a nemo daga kudu. Kafin nan fa?

"Mu sa kafilari," in ji Zira.

"A ɗakin sanyi? Ka taɓa ganin an yi?"

"Za a gani yau."

"Zira, wannan ba firij ɗin zoɓo ba ne. Yau mutum biyu ne a ciki, gobe a kawo wasu, a buɗe ƙofa a rufe. Wa zai gaya wa kafilari an ƙara kaya?"

"Hamma, na ce maka na wucin gadi. Bawul zai zo."

Da babu gara ba daɗi. Na yarda, bisa sharaɗin da ya faɗa da bakinsa, na wucin gadi. Muka yini a wurin. Mu a shagonmu da kamu muke auna kafilari, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar masu sayar da yadi, kuma hannun Zira ya fi nawa tsawo, don haka ko a nan sai da muka yi musu kan kamun wa za a bi. Muka jera guda biyu gefe da gefe don ɗaya ba zai ciyar da ɗakin ba, muka cire tulun da ke tara gas, muka yi ta ƙarawa muna ragewa har farin sanyi ya rufe bututun ciki daga farko zuwa ƙarshe. Da la'asar ɗaki ya ɗauka. Zira ya dube ni yana murmushi irin na wanda ya ci gardama. Na ce masa kada ya yi saurin dariya, sanyin gari ne ke taya mu, ranar da zafi ya sauko za mu sake magana. Ya yi kunnen uwar shegu.

Daga nan rayuwata ta koma Karewa. Abin da bawul yake yi da kansa ba a roƙe shi ba, shi muka koma yi da hannu, mu biyu manya da gemu. Da sassafe in gari ya yi sanyi, gas ya fi ƙarfin ɗakin, sai ka ga farin ya biyo bututu har jikin kwamfuresa, dole a rage kafin ruwan gas ya shige ta ya fasa. Da rana kuma a rasa abin da aka rage. Ga wutar lantarki da kuka sani, a kawo a ɗauke, janareta ya karɓa ya saki. Wani lokaci ɗan danshi ya daskare a bakin kafilari ya toshe shi, sai ka ga Zira da butar ruwan zafi yana tsiyayawa kamar mai yi wa jariri wanka. Shago kuwa muka bar shi a rufe rabin yini, masu firiza suna zuwa suna zagina ni kaɗai, don shi ba ya nan ballantana ya ji. Kuma ɗakin sai cika yake. Tsofaffin da suka tsira daga bindiga, baƙin ciki da baƙon wuri suka dinga ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar wasiyya irin ta Mama. Sista ba ta iya cewa a'a. Na ce mata kowane mutum da aka ƙara, sanyin sauran ake ragewa. Ta ce, "Malam Buba, in mayar da su ina?"

Bawul ya zo, ashe ba namu ba ne, na wani gas ne dabam. Muka mayar. Aka sake aiko wani, wannan kuma ƙato, irin na ɗakin kifi. Mai kayan ya dage da turancinsa na kasuwa wai duk ɗaya ne. Duk ɗaya a gidan wa? Na ce ba zan ɗaura ba. Zira ya ƙeƙasa ƙasa ya ce sai an gwada, ya ɗauki abin walda da kansa. Muka sake yini guda, muka mayar da tulun gas, muka ɗaura. Abin da na faɗa shi ya faru. Ya buɗe ya yi ambaliya, ya firgita ya rufe ruf, ya sake buɗewa, allurar geji tana kai da kawo, kwamfuresa ta fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a cikinta. Na kashe wuta da gudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Muka kwance shi muka koma wa kafilarinmu, ɗaki ya yi asarar sanyin yini ɗaya a banza.

Sai zafi ya sauko. Ku 'yan Yola ne, ba sai na kwatanta muku ba, zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Bututun baya ya daina hucewa, ko mun jiƙa buhu mun rufa masa, kafin ka juya ya bushe. Kwamfuresa ta yi zafi ta yanke, ta huta ta tashi, ta sake yankewa. Farin sanyin da ya rufe bututun ciki ya dinga ja da baya kullum, har ya zama rabin farko ne kawai. Zira ya ce a rage tsawon kafilari, muka rage. Ya ce a ƙara na uku, muka ƙara. Duk abin da ya gyara rana sai ya ɓata safiya. A daidai lokacin kuma labari ya fara yawo cewa sojoji sun karɓe Michika, wai an kusa barin mutane su koma. Kowa da ranar da yake faɗa, ba mai tabbas. Wata rana da azahar na shiga ɗakin duba ma'auni, sai hancina ya gaya mini abin da ma'aunin bai gama faɗa ba. Kaɗan ne, wanda bai saba da ɗakin ba ba zai ji ba. Na fito na sami Zira a gindin injin, na ja shi gefe.

"Ka shiga yau?"

"Na shiga."

"Ka ji abin da na ji?"

"Ban ji komai ba."

"Zira, dube ni. Ni za ka yi wa haka?"

"Hanya zai buɗe, Hamma. Kowa yana faɗa. Ka ba ni ɗan lokaci."

"Ni ke ba da lokacin? Je ka roƙi kafilari! Kai ka koya wa rabin masu gyaran Jimeta cewa ba ya jin roƙo."

"Kar ka gaya wa Sista. In ya ji, zai kira mutane a kwashe duka."

"To ai abin da ya kamata ke nan."

"Kai ne shaida. A gabanka na ce na ji."

Nan ya kama ni, kuma ya san ya kama ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da wani jahili ne yake wannan magana da na yi masa uzuri. Amma Zira! Mutumin da ya fi ni sanin injin nan, yana kallon bututu rabi fari rabi baƙi, yana ce mini bai ga komai ba. Na dawo gida ko abinci ban iya ci ba. Dadarku, uwar da ta haife ku, ta tsare ni sai da na faɗa mata.

"To kai me kake jira?" ta ce.

"Alƙawari ya ɗauka, Dija, ni ne shaida."

"Alƙawarin ya kai ta gida ya ɗauka, ko na ya bari ta lalace a Karewa? Matar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya karkace? Kuma ita kaɗai ce a ciki? Sauran ba su da 'ya'ya?"

"Zai ce na ci amanarsa."

"Zai ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, Malam. In ba za ka iya ba, ni in sa mayafi in je."

Kun san Dadarku, da ta je ɗin. Washegari da safe na fara biyawa gidan Zira, don kada a ce na zagaye shi. Wannan ma ba a gaya miki ba, ko, Aisatu? Na same shi yana wanke fuska a ƙofar gida. Na ce masa zan je wurin Sista yanzu, ya zo mu je tare ya faɗa da bakinsa, ya fi mutunci. Ya ci gaba da wanke fuskarsa kamar da bango nake magana. Na jira har na gaji, na tafi ni kaɗai. Na gaya wa Sista cewa injin ya kai iyakarsa, ba dabarar da ta rage a hannuna ko a hannun wani, kuma in ana so a sallami mutanen nan da mutuncinsu to yanzu ne, ba jibi ba. Ta ce ita ma ta fara zargi, tana jira ne ɗayanmu ya faɗa. A ranar ta aika wa iyalai.

Aka binne Mama Kuve a maƙabartar Kirista ta nan Jimeta. Na je, Dadarku ma ta je gidan ta yini tana taya matar Zira girki. Na tsaya a baya har aka gama addu'o'insu. Da na matsa na miƙa masa hannu, ya karɓa kamar yadda ya karɓi na kowa, bai ɗago ido ba. Wasu daga cikin iyalan sauran mamatan sun zo har shago sun yi mini godiya, wasu kuma sun daina gaishe ni, kuma a bakinsu ne zancen addinin nan ya fito. Zira bai taɓa faɗar haka ba, wannan na shaide shi. Sai dai bai ƙaryata ba, kuma shirun nasa ya fi zagin ciwo. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ba a daɗe ba hanya ta buɗe da gaske, motoci suka fara komawa. Kowa ya samu abin faɗa: da Buba ya yi haƙuri kaɗan. Kaɗan! Su da ba su taɓa shiga ɗakin ba. Na sha bayani har na gaji, a masallaci, a wurin mai shayi, ina zana bututu a ƙasa da tsinke, mutane suna gyaɗa kai ba tare da sun gane komai ba. Daga baya na daina, na ce kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Zira bai sake zuwa shago ba. Na ji an ce ya bi motocin farko ya tafi ganin abin da ya rage na gidansu. Ana gab da saukar damina, wata safiya ina walda, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Zira ya leƙo daga ciki, ya rame, ya yi baƙi. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Hamma, rufe shago ka zo."

Na so in ce masa ni ba yaronsa ba ne. Na kashe wuta na shiga. A ƙafarsa akwai wani buhu ɗaure da igiya, ya cika wurin har sai da na ɗage gwiwa. Keken bai tsaya ba sai a maƙabarta. Ya ce in kama gefe ɗaya. Nauyi kamar me, muka yi ta tuntuɓe da shi tsakanin kaburbura har gaban na Mama. Ya kwance igiyar. Ƙasa ce, ja, mai tsakuwa, ba irin tamu ta bakin kogi ba.

"Daga ina?" na ce, ko da yake na sani.

"Wurin da ya bari kusa da Baba. Na ɗaga dutsen na haƙo."

Muka zazzage ta a kan kabarin, ya durƙusa yana bajewa da tafin hannu har ta rufe ko'ina. Ni ma na durƙusa na taya shi. Da muka gama ya zauna a ƙasa yana kallon hannuwansa. Na ga dama ta samu, na fara abin da na daɗe ina shiryawa, cewa ko wane mai gyara aka kawo daga ko'ina, kafilari ba zai—

"Na sani," ya katse ni. "Tun ranar da muka yanka na sani. Kana tsammani ban iya aiki ba ne?"

"To don me ka wahalar da mu? Don me ka bari ana zagina a gari?"

"Ba gyara nake nema a wurinka ba, Hamma. Mutum nake nema ya tsaya kusa da ni ya ce zai yi, ko da ba zai yi ba. Kai kuma ba ka iya ba."

"Da na yi shiru, ka san abin da za ka tarar."

"Na sani. Ka yi daidai. Useko." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Amma in na dube ka, ranar nan nake gani. Ba zan iya zama shago ɗaya da kai ba."

Ka ji fa. Ka yi daidai, na gode, kuma ba na son ganinka. A ce da ya zage ni ne, da na rama mun huce, kamar yadda muka saba tun muna samari. Wannan kuwa me mutum zai ce? Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza shi. Bayan kwana kaɗan ya aiko aka kwashe kayan aikinsa, ya koma Michika da iyalinsa, can yake har yanzu, an ce yana gyaran firij a bakin kasuwa. Duk wanda ya zo daga can sai ya kawo mini gaisuwarsa, ni ma in mayar. Ya zo Jimeta ba sau ɗaya ba, na sani, don ana ganinsa a maƙabarta. Bai taɓa biyowa ta Jambutu ba.

Ranar nan da muka fito daga maƙabartar, keken da ya kawo mu yana jira a bakin hanya. Zira ya naɗe buhun ya sa a hammata, ya ce wa mai keken ya mayar da ni shago. Na matsa na bar masa wuri. Ya girgiza kai, ya ce shi zai taka.